Sarkin Ruwan Riyad da Jarkar Baba Ilu

Jiya a shagon shayin unguwar Manfuha, a nan Riyad, wani saurayi mai aski kamar an fara an fasa ya ce wai in akwai wanda yake cin banza a ƙasar nan, to ni ne. Wai me Baba Haladu yake yi? Ya ɗebi mutane, ya kai su bakin ruwa, su ɗauki hoto, ya dawo da su. Sauran suka kwashe da dariya, har da wanda ko tayar keke bai taɓa canzawa ba. Ban tanka ba, domin bakina cike yake da burodin da shi saurayin ya saya. Amma na ce zan rubuta muku ku karanta a wayoyin naku, tunda ku in abu bai fito a waya ba, bai faru ba. Ku yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi.

Da farko dai, Riyad ba ta da teku. Na san kun sani, amma ku zauna da maganar kaɗan. Garin da in ka yi alwala, kafin ka ajiye buta ƙasa ta shanye ruwan, a nan ni Haladu na kafa sana'ar kai mutane yawon bakin teku, a tafi da safe a dawo a kwana a gida. Ni da na fito daga ƙauyen da babban ruwanmu kududdufi ne, shi ma kafin a gama girbi ya zama filin ƙwallo. Har yau ban iya iyo ba. Shi ya sa mutanen Manfuha suka naɗa ni Sarkin Ruwa, kuma ba don girmamawa ba.

Ga yadda tafiyar take. Ana sallame Asuba ranar Juma'a ka ɗebi mutanenka ka fuskanci gabas. Wanda ya ce maka "ina zuwa, bari in sa takalmi," ka tafi ka bar shi, wanka zai shiga. Za ka ratsa jan yashin Dahna, tuddai kamar an zazzage buhunan garin barkono, raƙuma suna tsallaka titi da tafiyar masu gari. Sai ka faɗa cikin dabinon Al-Ahsa, kore shar, a nan dole ka tashi duk mai barci, in ba haka ba ya ce ka cuce shi. A Hufuf ake sallar Juma'a. Daga nan sai Ukair, tsohuwar tashar jiragen ruwa. Ga tsofaffin gine-gine da iska ta cinye musu fuska, ga farin yashi, ga tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna takawa kamar an hana su jiƙa wando. Ruwan kore-kore ne a kusa, shuɗi can nesa, har ya haɗe da sama ka rasa inda ɗinkin yake. Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Amma kyau na fasinja ne. Direba taya yake kallo.

Na koyi aikin a wajen Alhaji Gambo, wani dattijo mai tsohuwar bas, wanda magana take masa tsada kamar saye yake yi. Ni asalin aikina direban gida ne, a unguwar Jaradiya, wajen kafilina Abu Sa'ad, wato maigidan da takardun zamana suke hannunsa. Juma'a nake hutu, sai na riƙa bin Alhaji Gambo. Na ɗauka zai buɗe mini sirrin teku. Ya miƙo mini tukunya. Shekaru na yi ina zuwa bakin teku, amma ƙeyata ce ta san ta, domin kullum ina durƙushe na ba ta baya, ina kare wutar gas daga iska, ina juya kabsa, dafa-dukan Larabawa. Da a lokacin aka ce in faɗi mece ce teku, zan ce wani abu ne mai ƙara a bayan mutum, wanda yake zuba yashi a shinkafa.

Alhaji Gambo ba ya bayani, doka yake bayarwa. Rage iskar taya kafin ka shiga yashi. Kada ka tashi mota sai ka ga kan kowa da idonka, domin akwai wanda zai tafi bayan tudu ya yi barci. Kada ka ba Bahaushe abinci kafin ya shiga ruwa, in ya ƙoshi jarumta take taso masa. Sai babbar dokar. A kowace gaɓa akwai wani layi da za ka gani a ƙasa, na busasshiyar ciyawar ruwa, da bawon katantanwa, da robobi, da silifas wari ɗaya. Alhaji Gambo bai taɓa barin tayarsa ta ƙetare layin nan ba. Zai sauko, ya caka sandarsa a ƙasa, ya ce, "Nan." Fasinja su yi ta ƙorafi, ga fili sumul a gaba, amma a bar mutum ya ɗauki kula ya taka.

Na taɓa tambayarsa. Na ce, "Alhaji, wai me ya haɗa ka da sharar nan?"

Ya ce, "Shara ba ta ƙarya."

"To wa yake zuba ta a nan?"

"Mai ita."

Shi ke nan karatun ranar. Na ce a raina ko tsufa ne, ko ƙyashin wanke mota.

Kayan aiki kuwa, ku da kuke cewa waya ta isa, ku saurara. Shebur. Katako biyu masu kauri da za ka sa a ƙarƙashin taya. Igiya wadda za ta iya jan mota, ba ta shanya ba. Famfon iska. Tabarmi, kula, tukunya, butar shayi. Amma babban kayan aikin shi ne baki. Fasinja ya biya ne don a yi masa bayani, kuma ba ya yarda da "ban sani ba." Zai nuna ruwa ya ce, "Sarki, can ƙetare wace ƙasa ce?" Sai ka dubi fuskarsa. In ɗan kasuwa ne ka ce Dubai. In mai son fim ne ka ce Indiya, ka ce in iska ta juyo har ƙamshin girkinsu ake ji. Duk tambayar da aka taɓa yi mini ina da amsarta, wasu ma gaskiya ne.

Akwai wani tela daga unguwar Shumaisi da ya zo da wankinsa na mako guda a ƙunshe, da sabulu. Ya ce ruwa a banza, ai wauta ce mutum ya dawo haka. Ya tsuguna ya yi ta cuɗa, sabulu ya ƙi kumfa. Ya ɗanɗana ruwan, ya tofar, ya taso mini da faɗa, wai na kawo su wadda ta lalace, in kai su wata. Kayan da suka bushe kuwa tsayuwa suka riƙa yi da kansu kamar ƙirgi. Akwai wasu leburori biyar da suka zo da baƙin tabarau guda ɗaya na aro. Wannan ya sa, ya riƙe ƙugu, a ɗauka, ya cire ya miƙa wa na gaba. Suka tura hotuna gida don a ga suna cikin daula. Mako na zagayowa suka same ni da kuka, wai tunda aka ga hoton, har ɗan maƙwabcin kawu ya turo da buƙata. Na ce ni teku na yi muku alkawari, ban yi muku alkawarin hankali ba. Akwai kuma wani mai shago da ya rantse ba zai tuɓe a gaban yara ba, ya shiga ruwa da babbar riga. Iska ta cika ta, ya tashi a kan ruwa kamar lema. Da igiyar mota muka jawo shi, yana ta kalmar shahada, a ruwan da bai kai masa cibiya ba.

Sai muguwar shekara ta zo, wadda aka ɗora kuɗin zama a kan kowane kai na iyalin baƙo, man fetur kuma ya hau. Kuna nan ai, wasunku. Masu iyali suka yi ta mayar da mata da yara gida. Kamfanoni suka yi ta sallama. Mutumin da bai san ko iƙamarsa, wato takardar zamansa, za ta ga baɗi ba, ba ya tashi da Asuba don ya je kallon tsuntsu mai dogon wuya. Alhaji Gambo ya sayar da bas ya tattara. Ranar da zai tafi ya miƙo mini sandarsa. Na tsaya ina jiran wasiyya. Ya ce, "Riƙe mini, ba ta shiga jaka."

To ga sanda, ga shebur, ga sarauta, babu mota. Sai na je wajen kafilina. Abu Sa'ad tsoho ne mai ciwon gwiwa da faɗan safe. Yana da wata doguwar tsohuwar mota mai kujeru layi uku, yana kiranta Ajuza, wato tsohuwa. A cikinta ya kai marigayiya matarsa aikin Hajji, kuma in kuka tambaye ni, ya fi son ta a kan wasu daga cikin 'ya'yansa. Na roƙi ya riƙa ba ni ita ranar Juma'a. Ya daɗe yana kallona kamar na nemi aron haƙoransa.

Ya ce, "Yashi, mafi mushkila, ba damuwa. Amma gishiri, ya Haladu, ranar da na ga gishiri a jikin Ajuza, ranar zan buga maka huruj. Ka koma garinku ka tuƙa jaki."

Huruj kun san shi, bizar fita wadda ba a dawowa. Ni kuwa a gida bakuna da yawa ne suke ci daga wannan sitiyarin, kuma ko jakin ma ba ni da shi. Na ce na ji, na yarda. Gishiri ai a miya yake, me zai kai shi jikin mota?

A cikin wannan shekarar ne Baba Ilu ya same ni. Mutumin wajen Maraɗi ne, ya fi shekara ashirin yana gadin wani bene a Manfuha, aka sallame shi, jirginsa ranar Asabar da yamma. Ya zo mini ranar Alhamis da wata jarkar man girki, ruwan ɗorawa, an wanke ta tas.

Ya ce, "Sarki, gobe ka kai ni in ɗebo teku."

Na ce, "Baba, duka za ka ɗebe, ko za ka rage wa masu zuwa?"

"Kai dai ba ka da ta ido. Tsohuwata ce, uwar 'ya'yana, gwiwa ta hana ta tashi. An ce in an ɗumama ruwan teku an gasa, yana sakin jijiya. Ni ko na ƙetare abin nan a jirgi sau da dama, kullum kujerar tsakiya suke ba ni, ban taɓa ganin ta ba. In koma hannu wofi, ta ce shekarun nan duk ƙofa na yi ta kallo?"

Abokansa biyar suka haɗu za su yi masa rakiya, ya zama yawon bankwana. A cikinsu akwai Sani Kafinta, wanda ya taɓa yin yaron mota a babbar roka, tun daga nan kuma babu abin da bai sani ba, daga injin jirgi har ciwon mata.

Muka yi Juma'a a Hufuf, muka isa gaɓar da muka saba zuwa tun zamanin Alhaji Gambo, mai tudu, inda ruwa yake kusa. Sai ga mai gadi ya tare hanya, ya leƙo ya ga gemu bakwai.

Ya ce, "A'ilat bas." Yau masu iyali kawai.

Na ce, "Ya ɗan'uwa, ai dukkanmu masu iyali ne, wannan tsohon har jikoki gare shi."

Sani Kafinta ya zaro waya ya nuna masa hoton matarsa da yara. Mai gadi ya duba da kyau, ya ce masha Allah, wayar tana iya shiga, mu kuwa mu juya.

Baba Ilu ya rungume jarkarsa. Gobe jirgi, babu wata Juma'ar. Sai na ce kada kowa ya damu, ni ne Sarkin Ruwa, na san wani wuri da ya fi wannan. Ban san ko'ina ba. Na dai bi wata hanyar masunta na yi kudu, ruwa yana ɓuya yana fitowa a hagunmu, har muka ɓulla wani faffaɗan lungu. Ga layin shara a gabanmu, irin wanda na sani. Bayansa kuwa fili ne sumul kamar an daɓe, har iya gani. Ruwan yana can nesa, siriri, yana ƙyalli kamar zaren azurfa.

Baba Ilu ya leƙa ya ce, "Sarki, ina tekun?"

Sani Kafinta ya amsa kafin in buɗe baki. "Ta ƙafe, Baba. Rani ne."

Kowa ya gyaɗa kai. Ku fahimci irin majalisar da ke cikin motar nan: mutum bakwai, duk 'ya'yan tudu. Abin da muka sani tun muna goye shi ne, in ruwa ya janye, sai damina. Baba Ilu da kansa ya ce ko gulbin Maraɗi haka yake yi, da rani har amalanke ke bi ta cikinsa. Sani ya ce shi ya sha ratsa irin wannan da roka cike da siminti. Muka dubi sama, babu gajimare ko na rantsuwa. Muka dubi ƙafafun Baba Ilu, ba za su kai shi wancan zaren ba ko za a kwana.

Na sauka da sandar Alhaji Gambo, na caka a ƙasa yadda na ga yana yi. Ƙasa da tauri. Na dubi sharar, sharar ta dube ni. Sanda ta ce a je, shara ta ce kada, mutum shida suka ce yalla, a tafi. Na bi masu rinjaye kamar kowane ɗan siyasa.

Da farko daɗi, ko titin filin jirgi albarka. Sani har yana buga ƙofa yana waƙa. Ba mu yi nisan jifa uku ba sai Ajuza ta yi wani nishi, ta durƙusa kamar raƙumin da aka ce ya sauke. Ashe taurin na sama ne kawai, kamar ƙanzo. Ƙarƙashinsa baƙar laka ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Muka fito da shebur da katako. Sani ya zama kwamanda, ya tsaya daidai bayan taya yana cewa, "Ba ta wuta, Sarki! Ba ta wuta!" Na ba ta wuta. Taya ta juya a wuri ɗaya, ta yi masa fenti daga hula har takalmi, mota ta ƙara nutsewa.

Baba Ilu ya ga abin zai daɗe, ya ɗauki jarkarsa ya kama hanyar ruwa a hankali, yana ɗingishi. Mu muka ci gaba da haƙa. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba, sai na ji wani ya ce, "Kai, Baba ya yi saurin dawowa." Na ɗaga kai. Ga Baba Ilu tafe, jarka cike, ga ruwa yana bin diddigensa kamar tunkiyar da ta ga mai dusa.

Ya ɗaga murya ya ce, "Sarki, ba sai mun tahi ba! Ga ta nan tahe da kanta!"

Babu igiyar ruwa, babu ƙara, babu hadari. Shimfiɗowa kawai yake yi, siriri kamar shayin da ya zube a tire. Ya zo ya shinshina tayar gaba, ya zagaye ta, ya wuce mu ya nufi shara.

Sani ya ce, "Wallahi dam aka buɗe. Wani ne ya yi mana mugunta."

Ni kuwa na tsaya riƙe da shebur. Ina kallon ruwa yana hawa taya, ina jin muryar Abu Sa'ad, har na fara tunanin inda zan samo jaki.

Can a bakin sharar, sai na hango wata farar akori-kura, tayarta daidai bayan layin, ko taƙi ɗaya ba ta ƙetare ba. Wani tsohon masunci yana zaune a kan bonet yana shan shayi, da alama tun farkon wasan yake kallo. Na ruga da gudu cikin laka, takalmina ɗaya ya zauna a can har yau. Na gaishe shi ina haki.

Ya ce, "Min wen?" Daga ina?

Na ce, "Riyad."

Ya gyaɗa kai kamar likitan da ya gano cuta. Ya shanye shayinsa tukuna. Motarsa dai ya ce ba za ta ƙetare shara ba ko uwarsa ce a cikin tawa. Amma yana da igiyoyin koma masu tsawo. Muka ɗaura tawa da nasa, muka cusa tabarmi da katako a ƙarƙashin taya, cikin ruwa, da lalube. Lokacin ruwa ya kai gwiwa, ya shiga ta ƙasan ƙofa, silifas ɗin mutane suna yawo a cikin mota kamar agwagi. Masunci yana ja daga tudu, ni ina sitiyari ƙafata a ruwa, mutum biyar suna turi suna salati. Baba Ilu ya goya jarkarsa da rawani kamar jariri, ya sa kafaɗa shi ma. Aka ce ya bari, ya ce a kansa aka shigo. Ajuza ta yi tari, ta yi atishawa, ta fizge, ta fito tana zubar da ruwa ta ko'ina, rana tana shirin faɗuwa.

Masunci yana naɗe igiyarsa, ya nuna sharar da ƙafa, ya ce kullum teku tana tafiya tana dawowa, nan take ajiye kayanta, ko jakin garinsu ya sani. A nan na gane wace ce mai ita. Alhaji Gambo, Allah ya saka maka, amma da ka ƙara kalma biyar da ba ka talauce ba.

A hanya na wanke mota a gidan mai. Da Asuba na sake wankewa. Amma gishiri kamar furfura ce da aka shafa wa baƙi, rana na fitowa ya fito fari fat a ƙasan ƙofofi, ga kafet yana warin kasuwar kifi. Abu Sa'ad ya fito bayan karin kumallo yana dogara sanda. Ya zagaya Ajuza. Ya sunkuya da ƙyar, gwiwa tana ƙara, ya shafa yatsa, ya lasa.

"Haladu."

"Na'am, Baba."

"Kawo iƙamarka."

Ina laluben aljihu sai na ji sallama a bakin get. Baba Ilu ne, cikin farar rigarsa ta tafiya, da jarka a hannu. Ni ban kira shi ba. Mutumin da jirginsa yake yau, ya bar ɗaurin kaya ya hau tasi tun daga Manfuha. Bai ko kalle ni ba. Ya taka har gaban Abu Sa'ad, ya ajiye jarka, ya tsuguna, ya cire hularsa ya ɗora a ƙasa.

Ku yaran da kuka tashi a nan ba lalle ku san wannan ba. A wajenmu, in ƙarami ya yi ɓarna, babba ne yake zuwa ya ɗauki laifin a kansa. In dattijo ya cire hula ya ajiye a gabanka, to ya ajiye duk abin da yake da shi, kuma ba ya tashi sai ka ce ka haƙura. Balarabe bai san wannan ba. Abin da Abu Sa'ad ya gani kawai shi ne tsohon da ya girme shi, kai fari fat a buɗe, a ƙasa a gabansa. Ya rikice.

"Gum! Tashi, ya shaikh! Haram, me ke nan?"

Baba Ilu ya ce da Larabcinsa na bakin ƙofa, "Ana sabab. Ni ne sanadi. Yaron nan ƙafata ya tausaya wa. In huruj ne, ni nawa yana aljihu, yau zan tahi. Ɗaya ya isa."

"To na ji, tashi mu yi magana!"

"Sai ka ce ka haƙura."

Abu Sa'ad ya so ya sunkuya ya ɗaga shi, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ya juyo kaina da faɗa, wai in ɗaga shi. Na ce, "Baba, a al'adarmu in na taɓa shi na yi rashin kunya." Wannan kam gaskiya ce, ko da yake ta zo mini daidai.

Baba Ilu ya tura jarkar gabansa. Ya ce ga abin da muka je nema, maganin gwiwar tsohuwarsa ne, amma ya ga maigida ma cutarsu ɗaya, ya karɓa a bakin gishirin da ya taɓa motarsa. Abu Sa'ad ya dubi jarka, ya dubi Ajuza, ya sake duban jarka.

"Wato saboda gwiwar wata tsohuwa kuka kai tawa tsohuwar wanka?"

"Haka ne."

Abu Sa'ad ya dubi hular da ke ƙasa. Sannan ya ce, "Halas. Na haƙura. Tashi, don Allah, maƙwabta suna kallo."

Sai kuma tashin ya gagara. Ni na kama hannu ɗaya, Abu Sa'ad ya ba shi kan sandarsa, muka ciro shi kamar yadda muka ciro mota jiya. Abu Sa'ad ya ce ya ɗauki jarkarsa ya kai wa matarsa. Baba Ilu ya sa hularsa ya ce abin da aka ajiye wajen ban haƙuri ba a ɗauka.

Ni na kai shi filin jirgi, a cikin Ajuza, tagogi a buɗe saboda wari. Na ce, "Baba, ga shi za ka koma ba teku." Ya buɗe jakar hannunsa ya nuna mini wandon da ya sa jiya, bai wanke ba, ya bushe ƙandas, ga farin layin gishiri daidai gwiwa.

Ya ce, "Wanga zan nuna mata. In ce ga inda teku ta kawo mini, kuma ita ta biyo ni."

Iƙamata ta zauna a aljihuna. Amma kada ku ɗauka na sha a banza. Abu Sa'ad ya sa aka ɗumama ruwan, ya gasa gwiwa, ya wayi gari ya ce ya ji sauƙi. Likitansa na Shumaisi ya ce babu wannan a littafi, shi kuwa ya ce wa likita littafin ne bai je teku ba. Ya yanke mini hukunci: kowace Juma'a jarka ɗaya. Juma'ar farko ma biyu ya ce, ɗaya a ba masu kargo su kai wa tsohuwar Baba Ilu. An ce ta isa. Ko ta warke ban sani ba, amma an ce ta tashi ta je har ƙofar gida ta karɓa da kanta, ta hana kowa taɓawa.

Tun daga ranar tayata ba ta sake ƙetare shara ba. Nan nake caka sanda in ce, "Nan," fasinja su yi ta ƙorafi, ni kuma ba na bayani, na gano daɗin abin. In teku tana kusa, na gode Allah. In ta tafi yawonta, haka zan naɗe wando in bi ta cikin laka har inda take, in cika jarka, in ɗora a ka, in dawo ina tangaɗi, fasinja suna ɗaukar Sarkin Ruwa hoto suna turawa gida.

Saboda haka, kai mai askin nan, na ji ka ce aikin banza ne, kowa zai iya. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Juma'a mai zuwa ka same ni ana sallame Asuba, kada ka tsaya sa takalmi, ba za ka dawo da shi ba. Kujera kyauta, kabsa kyauta. Jarka ce kawai za ka ɗauka, wuyana ya gaji.